Kunnen San Ardo

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zubin tagulla a nan Dakwaro, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Juli ya zo karɓar aikinsa. Ku sababbin shiga wannan sana'a ku buɗe kunne, don har yau in na tuna sai haushi ya taso mini.

Juli makiyayi ne daga wajen Azagor. A ƙarshen bazara, shekara huɗu da suka wuce, ya zo koperatib ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta masu sana'a, yana so a zuba masa siffar jan sa mai dogon ƙaho. Mahaifinsa Ardo ya taɓa mallakar irinsa, san ya mutu a wata shekarar fari. Yanzu tsohon ya makance, ba shi da hira sai ta wannan dabba. Juli yana so ya samu abin da zai riƙa shafawa. Kuma da gaggawa, don da ruwan farko za su yi arewa da garke.

Ga wanda bai san aikin ba, da kakin zuma muke fara gina siffar. Sai a lulluɓe ta da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, shafi uku, kowanne ya bushe a inuwa. A gasa, kakin ya narke ya tsiyaye ta wata ƴar kafa, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun. Daga nan babu komawa baya. Duk gyara a kan kaki ake yinsa.

Tunda ban taɓa ganin dabbar ba, sai na tafi kasuwar shanu na zauna gaban wani jan sa na kwaikwaye shi tsaf. Ni sarkin iyawa, har guntulen kunnensa na hagu sai da na sa. Ban tsaya na tuna cewa yankan kunne shaidar gida ce ba.

Da kakin ya kammala na kira Juli na sa masa a hannu.

"Duba da kyau. Ƙaho, tozo, kunne, wutsiya. In akwai abin da bai yi ma ba, hwaɗi yanzu."

Ya juya shi, ya daɗe yana kallo. "Ya yi, maƙeri. Allah shi yi ma albarka."

Sau uku na tambaye shi, sau uku yana sa mini albarka.

Kwana goma sha biyu na yi tsakanin shafi, shanya, gashi da zuga. Zubin ya fito ba rami ba tsaga, na goge shi har yana ɗaukar ido. Juli ya zo, ya yaba, ya yi gyaran murya.

"Sai dai kunnen nan. Wanga yanka ba namu ba ne. Mu na dama muke tsagawa."

"Yaushe ka gani?"

"Tun ranar kakin."

"To, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Haba. Mutum da hurhura ya yi aiki da hannunshi, in dube shi in ce ya yi kure? Cewa na yi in an gama sai a liƙe."

A liƙe! Kamar faci za a yi wa taya. Na ajiye zartona na fita waje na sha iska, don abin da ya zo bakina bai dace da baƙo ba. Tsaga kunnen dama aikin minti biyar ne, amma abin da aka guntule a hagu ba mai maido shi sai an sake daga kaki. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Muka shawarta a kai shi haka nan, wataƙila tsoho ba zai lura ba. Na hau bayan moton Juli, wato babur ɗinsa, har rugarsu.

Ardo ya karɓa da hannu biyu. Ya bi ƙaho da yatsa har tsini, ya shafa tozo, fuskarsa ta washe, ya fara kiran sunan sansa a hankali. Da ya iso kunnen hagu sai yatsan ya tsaya. Ya sake shafawa. Sannan ya miƙo shi gaba.

"Juli, maida ma masu shi. Dabbar wani ba ta taɓa kwana cikin garkena ba."

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa, suka ɗaga.

Abin da na koya shi ne, akwai mutanen da kunya ba za ta bar su su ce maka ka yi kuskure ba, ko da su ne za su cutu. Tambayarsu "ya yi?" ɓata baki ne. Yanzu ba na tambaya. Kunne lafiyayye nake ginawa, in miƙa wa mai aiki wuƙa ya yi shaidarsa da hannunsa.

A cikin daminar na sake zuba wani san, da tsaga a kunnen dama, na ajiye ina jiran su. Da kaka garken ya dawo, Juli ya zo koperatib. Na tashi zan ɗauko masa, ya ce in bari, Ardo ya rasu, an rufe shi a arewa.