Ambulan na Biyar

A layin masu buga takardu da ke bayan kwaleji, duk wanda ka tambaya ina Akawu zai nuna maka shago na uku, kusa da mai ɗaukar hoto, can ƙurya inda iskar fanka ba ta kaiwa. Bai taɓa aikin ofis ba ko na wuni ɗaya. Sunan ya bi shi ne saboda biro biyu da ba sa rabuwa da aljihun rigarsa, da kuma ƙiyayyar da ke tsakaninsa da kalmar "kusan". In ɗalibi ya ce masa shafi kusan arba'in ne, sai ya lashi yatsa ya ƙirga, ya ce arba'in da uku ne, har da shafin godiya ga iyaye. Shekara tara ke nan yana buga wa mutane kundin kammala karatu, shi da bai wuce sakandare ba.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo masa ba. Mahaifinsa mai sayar da yadi ne, mutum mai fara'a, mai kyauta, mai cin bashi yana dariya. Ba a yi mako da binne shi ba masu bin bashi suka ƙwanƙwasa ƙofa. Akawu yana ɗan shekara tara, yana tsaye yana kallo aka fita da rediyo, aka fita da keken ɗinkin mahaifiyarsa, aka fita da kujerar da uban ke zama. Mahaifiyar ta zauna a ƙasa, daidai inda ƙafafun kujerar suka bar shaida a siminti. Tun daga ranar, in aka buga ƙofa sai gabansa ya faɗi, ko da kuwa aron ashana aka zo yi.

Amarya kuwa a shagon ya same ta. Ta kawo takardar neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ya buga mata, ta karanta a tsaye, ta ɗora yatsa a layi na huɗu ta ce, "Malam, ka ci harafi ɗaya." Shekara bakwai ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure. Ya gyara, ya ƙi karɓar kuɗinta, abin da ya sa mai ɗaukar hoto ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure.

Saboda ita ya karya rantsuwar da ya yi cewa ba zai taɓa cin bashi ba. Ya ce matarsa ba za ta zauna a ƙasa ba, ya je wajen kafinta ya ɗauko gado da kujeru uku bashi, a kan zai biya cikin wata goma sha takwas. Sai dai ya sha alwashin ba za a cire ledar da ke jikin kujerun ba sai ranar da ya biya na ƙarshe, don a ganinsa kafin ranar kayan kafinta ne aka ba shi ajiya. Haka suka ci amarcinsu a kan tabarma, jingine da kujeru masu ƙarar leda, tana yi masa dariya.

Mako uku da tarewa takardar makaranta ta iso. An ɗauke ta, karatun shekara biyu, kwana a can, a wani gari mai tafiyar awa huɗu. Ranar da za ta haɗa kaya ya sayo ambulan na rarraba kuɗi, suka zauna tsara yadda kuɗi zai ishe su. Albashinsa na shago, da abin da yake samu ranakun Asabar in ya karɓi aikin ɗalibai ya buga a gida da tsohuwar kwamfutarsa, shi ke nan abin da ke shigowa. Ita ta yi rubutun, don hannunta ya fi kyau: Haya, Kafinta, Makaranta, Cefane. Ya miƙa hannu zai tattara, sai ta jawo na biyar ta rubuta Hanya, ta zana 'yar mota mai taya uku a ƙasa.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na ganin fuskata ne, Malam. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar ziyara ce. Ko kyauta kake so ka riƙa ganina?"

Ya yi dariya, ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan abin tsaraba, ya zuba a ciki.

Watan farko ya je. Na biyu ma ya je, ya dawo yana ba mai ɗaukar hoto labarin yadda take auna jinin mutane kamar da shi aka haife ta. A wata na uku allon kwamfutar ya mutu, kuma ba kwamfuta ba aikin Asabar. Ya jera ambulan biyar a kan tabarma ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Haya tana da mai gida, wanda ke fara gyaran murya a tsakar gida tun ranar ashirin da takwas. Kafinta yana da babur, kuma ya san ƙofa. Makaranta tana da ranar rufe biya. Cefane yana da ciki, ciki kuwa ba ya jin rarrashi. Hanya ce kaɗai ba ta da mai zuwa ya buga ƙofa. Ya zare kuɗin ya kai kwamfutar gyara, ya rubuta a bayan ambulan ɗin cewa aro ne, ya kira ta a waya.

"Amarya, wannan watan dai sai haƙuri."

"Ba komai, Malam. Allah Ya kai mu na gaba."

Na gaban ya zo da kuɗin rigar asibiti da makaranta ta ƙaro. Na gabansa kafinta ya zo kwana biyu kafin lokaci, wai katako ya hau. Daga nan ma sai ya daina jiran dalili. Ya zauna ya yi lissafi tsaf: ziyara ɗaya, in ka haɗa kuɗin mota da tsaraba da shafi arba'in ɗin da zai buga ranar, tana cin hannun kujera guda cur. Ziyara huɗu, kujera ta tafi. Lissafin daidai yake, ba wanda zai kama shi da kuskure a ciki. Abin haushin shi ne, mutumin da ba ya yarda da "kusan" a bakin ɗalibi sai ya ƙirga, shi ne ya karɓi "ba komai" a bakin matarsa wata da watanni bai taɓa lasar yatsa ya duba ba.

Kada kuma a ce ba ya kewarta. Yana kewarta kamar ransa zai fita. In ya dawo daga shago da yamma, takalminta na wanka yana nan bakin ƙofa inda ta bar shi, yana share ƙarƙashinsa ya mayar da shi yadda yake. Kofi biyu yake wankewa, alhali ɗaya ya sha shayi da shi. Yana cin burodinsa a tsaye, don ba ya iya zama ya ci abinci shi kaɗai. Ranar Asabar ya jingina da kujera ya ɗora kwamfuta a cinya, yana karanta rubutun ɗalibai da ƙarfi don dai a ji murya a ɗakin. Ta bayan bango yana jin maƙwabcinsa da matarsa suna faɗa a kan gishiri, sai ya ji har faɗan ya ba shi sha'awa.

Hutun makarantar ba hutu ba ne, asibitoci ake tura su. Sau ɗaya ta samu kwana biyar ta zo, ta tarar da lokacin miƙa kundi, ɗalibai har bakin ƙofa suke binsa. Ta dafa, ta wanke, ta goge ledar kujeru, ta kalli ƙeyarsa kwana biyar, ta koma.

A wata na tara sai ga kuɗi ta turo masa. Ta ce ta samu aikin Asabar a wani kantin magani a cikin gari, ya ƙara a na kafinta. Daɗi ya kama shi. Ya zaro biro nan take, ya ga za a gama wata biyu kafin lokaci, ya sa mata albarka har sau uku. Bai tambaye ta ko har da Asabar ɗin ƙarshen wata ba.

A wata na goma sha shida ya kai wa kafinta biya na ƙarshe. Kafinta ya ƙirga, ya sa hannu, ya buga kafaɗarsa da hannu mai garin katako.

"Akawu, da kowa irinka ne da na yi gidan bene. Yaya Amarya, tana jin daɗin kujerun dai ko?"

Akawu ya ce suna nan lafiya. Ya koma gida ya tsaya a kan kujerun, ya kama bakin ledar, sai ya sake ta. Ita ya kamata ta cire. Ya ɗauko ambulan na biyar, bayansa ya cika da rubutun aro, ya zuba kuɗin mota. Ranar Asabar ya sayi sabulu da lemo, ya shiga motar safe bai gaya mata ba, wai shi zai yi mata ba-zata.

A ƙofar makarantar akwai wani dattijon maigadi mai tabarau, da ƙaton littafin baƙi a gabansa, kowace ɗaliba da shafinta. Akawu ya gaishe shi, ya faɗi wajen wadda ya zo.

"Kai wane ne nata?"

"Mijinta ne, Baba."

Dattijon ya sauke tabarau ya dube shi daga sama har ƙasa. "Au. Kai ne."

Ya buɗe shafin ya juyo masa da shi. Sa hannunsa biyu ne a sama, tawadar har ta soma dusashewa. Ƙarƙashinsu layuka ne fayau. Bai so ya ƙirga ba, amma ido ya riga ya saba: goma sha uku.

"Ba ta nan," in ji maigadin. "Tana kantin magani, sai shida take tashi. Ka ga bencin can? Nan take zama. Ko ka bugo ka ce ba ka zuwa, sai ta yi wanka ta yi kwalliya ta zo ta zauna tun hantsi har rana ta yi sanyi. Na ce mata, 'yar nan, ba ya ce ba zai zo ba? Ta ce, Baba, ai yana iya sake lissafi. Wata shida tana haka. Daga baya ta ce mini zaman ya fi tsayuwar kanti wuya, ta nemi aiki. Yanzu in za ta wuce nan, bango take kallo."

Akawu ya mayar masa da littafin. Ya tambayi ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, aka ce biyar. A gida akwai shafi sittin na wata ɗaliba da ya karɓi kuɗinta, ya yi alkawarin gobe da safe. A ambulan kuɗin komawa ne kawai, babu na masauki. Hannunsa ya kai aljihu ya zaro biro, ya juya bayan ambulan ɗin, ya ga babu sauran wurin rubutu. Ya mayar da biron, ya je ya zauna a bencin.

Katako ne zalla, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Daga nan ana hango kwanar da motoci ke ɓullowa, kuma bai yi awa ɗaya ba ya gane cewa duk motar da ta rage gudu sai zuciyar mai zama ta tashi, ko da ba kowa yake jira a cikinta ba. Iyaye suka zo da kwanukan abinci. Wani saurayin miji ya zo da jariri a kafaɗa, matarsa ta fito da gudu har takalmi na fita. Aka ci, aka yi dariya, aka yi hotuna, aka watse. Inuwar bishiya ta bar bencin, ta dawo ta ɗaya gefen. Wuni ɗaya kawai ya yi, ya ji kamar an yi masa dukan tsiya.

Ƙarfe biyar saura kwata maigadin ya dubi agogo ya dube shi. Akawu bai motsa ba. Da biyar ta wuce dattijon ya ce akwai tabarma a ɗakin gadi, in ba ya tsoron sauro.

Bayan shida ta ɓullo daga kwana a ƙafa, farar riga a naɗe a hannunta. Ta rame. Tafiyar ma ba wadda ya sani ba ce, ta masu wuni a tsaye ce. Tana kusanto ƙofa ta karkatar da fuskarta wajen bango, yadda aka gaya masa, ta gaishe da maigadi ba ta tsaya ba. Akawu ya miƙe, ledar lemo a hannu.

"'Yar nan," in ji maigadin, "yau dai ki dubi bencin."

"Baba, don Allah ka daina tsokanata, na gaji."

"Amarya," in ji Akawu.

Ta tsaya cak. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo ta goge ido da bakin mayafi, ta dube shi, ta dubi ledar hannunsa, ta yi tambayar da ta san ita ce ta kawo shi.

"Malam, an gama biyan kafinta ke nan?"

"An gama," ya ce.

Shekara da wata huɗu yana jiran ranar da zai faɗi wannan magana da alfahari, sai ga shi kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya koma ya zauna, ya matsa can gefe, ya share mata wuri da tafin hannunsa. Ta tsaya tana kallon bencin, ba ta zauna ba tukuna.