Motar Baya

Ƙanena ya sayi mota a shekarar da hanya ta fara lalacewa. Ba lalacewar kwalta nake nufi ba, wannan mun saba da ita tun muna yara. Ina nufin lokacin da mutum zai fita da safe a bi shi da addu'a kamar mai tafiya yaƙi. Ni ina da rumfar abinci a bakin tashar Ƙanƙara, shinkafa da wake da safe, tuwo da rana, don haka maganar direbobi a kunnena take sauka ko ban tambaya ba. Ni na goye shi yana jariri, da ya girma ya zama direba kuma ni ke zuba masa abinci kafin ya ɗauki hanya.

Motar tsohuwa ce 'yar kwatano, wadda aka ƙera don ƙasar sanyi. Nan kuwa sai a cusa mata mutane, a ɗora buhunan masara har bayanta ya kusa shafar ƙasa, a ce ta bi ranar bazara. Ciwonta ɗaya ne, zafi. Da an ɗan yi nisa allurar zafin inji za ta fara hawa, tururi ya biyo baya, sai ya gangara gefe ya ɗaga bonet, a zauna jiran ta huce a ba ta ruwa. Ina tsokanarsa cewa butar shayi ya saya.

A da tsayawa ba komai ba ce, fasinja su sauka su miƙe ƙafa. Amma akwai wani yanki tsakaninmu da Faskari inda gonaki suka koma saura, ƙauyukan bakin hanya suka watse, kuma daga nan 'yan bindiga ke ɓullowa a kan babura. Direbobi sun daina bin wurin ɗai-ɗai, sai su haɗu su tafi a ayari. Rannan a tsakiyar wannan yanki motar ƙanena ta tafasa. Motocin da ke bayansa suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, sai ta ƙarshe, ta wani Alhaji mai doguwar mota, ita ta tsaya ta kwashe su duka. Da ya dawo na ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa. Ya ce wata fasinja ta toshe bakin jaririnta da hannu don kada ya yi kuka, har sai da yaron ya fara shiɗewa.

Tun daga ranar bai da zance sai na lagireto, ma'ajin ruwan da ke sanyaya inji. Gareji yana bayan rumfata, duk abin da aka yi a kan idona aka yi shi. Aka ciro tsohon, mai layi ɗaya, bakanike ya buɗe kansa ya nuna mana: ramukan duk sun toshe da farin gari kamar gindin tukunyar ruwan zafi, aikin ruwan rijiya. Ƙanena ya je har Funtua ya samo na babbar mota mai layi biyu. Bai shiga gurbin ba, sai da mai walda ya yanka ya sake masa mazauni. Akwai wani abu kamar ƙaramin lagireto a gabansa, na na'urar sanyaya ciki da ta mutu tun kafin motar ta zo hannunsa, yana nan yana tare iska a banza. Aka fizge shi aka yar.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka haɗa fanka kai tsaye, da an kunna mota take juyawa, ya ƙara wata a gaba mai turo iska. Ya huda bamba. Ya ce iska ma raguwa ce, in ta ga hanya a gefe ba za ta ratsa lagireto ba, don haka ya yanko langa-langa ya toshe duk wani gibi. Ya ɗan ɗaga bayan bonet don zafi ya sami mafita. Da damina ta zo ya ƙwace mini duro ɗaya ya kafa a ƙarƙashin indararo, ya ce motarsa ta daina shan ruwan rijiya. Da kaka, lokacin da ake sussuka a bakin titi saboda tsoron gona, kullum sai ya tsuguna da tsinken tsintsiyata yana zaƙulo ƙaiƙayi daga haƙoran lagireto. Motar ta yi muni, in ta taho kamar injin niƙa. Amma allura ta zauna wuri ɗaya, ko a hawa, ko da lodi.

Wallahi na yi murna. Na yi waina na raba sadaka. Na ce yanzu dai ɗan'uwana ba zai ƙara tsayawa a wannan daji ba, Inna ma, mahaifiyarmu, ta fara cin abinci da rana.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne tsarin tasha. In ayari zai tashi, motar da aka fi yarda da lafiyarta ita ake sa wa a baya, ba ta cika lodi, ana bar mata gurbi. Dokar ita ce duk wadda ta lalace a wancan yanki, kowa ya wuce ta, kada a taru a zama abinci. Ta baya kaɗai ke tsayawa ta kwashi mutane, a bar motar nan sai an samu rakiya. Alhajin nan ne ke riƙe da baya, to injinsa ya fara gajiya, shi ma ya gaji, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Shugaban tasha ya duba motocin da suka rage, bai daɗe yana dubawa ba ya nuna ta ƙanena.

Ranar da na ji, ludayi na hannuna na isa wurinsa. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa dattijo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Hajiya, ki hwaɗa mani wadda za ni sa. In na sa mai tahwasa, mota biyu ke nan ta tsaya cikin daji. Mi kike so in yi?”

Sai na koma kan ƙanena. Na ce ya cire fankar nan ɗaya, ya mayar da tsohon lagireto, ya ce gyaran bai yi ba. Na ce yana da mata da ƙananan yara.

Ya ce, “Yaya, ranar da tawa ta tahwasa, da Alhaji ya wuce ni, da yanzu wa kike ma hwaɗa? Shi ma shina da ɗiya.”

Na ce ba ruwana da ɗiyan Alhaji. Ya yi dariya ya ce in ƙara masa miya.

Ya riƙe baya har bazara ta zagayo. Ya sha tsayawa ya kwaso mutane ya dawo lafiya, ni kuwa kullum in la'asar ta yi sai in bar tukunya in zauna a kan benci ina kallon hanya. Ba na ƙirga motoci, ƙarar tasa nake saurare.

Ranar wata kasuwa ce, suna dawowa da rana tsaka. Na ji ƙarar, na miƙe. Motar ta shigo tasha a guje, mutane har cikin but, amma wanda ke riƙe da sitiyari ba shi ba ne, wani direba ne abokinsa. Shi ya ba ni labari, yana yi yana haki. Tiyon ruwan motar abokin ne ya fashe, ƙanena ya tsaya, suka cusa mutane. Sai suka jiyo babura. An bar wani tsoho mai shanyewar ƙafa a cikin motar da ta lalace, ƙanena ya ce wa abokin ya hau ya riƙe sitiyari, shi ya koma ya ɗauko tsohon a kafaɗa. Ya sa shi a but. Bai samu ya zagayo ba aka harbe shi a baya. Mata suna ihu, abokin ya taka mota. Sai da yamma 'yan sa-kai suka je suka ɗauko mana shi.

Ban ga laifin abokin ba, mutanen da ke cikin motar suna da yawa. Amma na daɗe ban iya kallon fuskarsa ba.

Bayan an share makoki shugaban tasha ya zo gida, ya zauna a zaure, ya aiko a yi masa iso wurin Inna. Na san abin da ya kawo shi tun kafin ya buɗe baki. Ya ce tun ranar ba a tashi ayari ba, don babu motar da za ta riƙe baya, mutanen ƙauye sun kasa kawo masara, marasa lafiya sun kasa fita. Ya roƙi a ba da motar, a riƙa kawo wa marayu abin da ta samo. Na ce gara in sa mata wuta. Inna ta ce, “Shi ya gyara ta da hannunai. Ku ba su.”

Abokin nan ne ya karɓe ta, shi ya nema da kansa. Har yau tana baya, kullum da safe tana wucewa ta gaban rumfata da ƙararta. Matar abokin yarinya ce, tana da goyo. In la'asar ta yi sai ta zo ta zauna a kan bencina tana kallon hanya. Ina zuba mata tuwo in ajiye a gabanta, ba ta ci sai ta ji motar.