Kalangu a Kiɗan Gem

Akwai wani shagon gem a Ɗorayi da na daina bi ta ƙofarsa. Ko a-daidaita-sahu na hau, idan na ga direba zai yanki layin sai in ce ya sauke ni in ƙarasa da ƙafa. Mutane suna cewa riƙo ne da ni. Na yarda, riƙon ne, kuma ba ni da niyyar sakinsa.

Abin ya faru ne a kan abokina, wanda muke aiki tare a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga bokitai da butoci. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune a Fanshekara da matarsa, kuma shi ne ke kaɗa fiyano a cocinsu. Ni ina ɓangaren shirya kaya, shi kuwa an tsayar da shi a kan injin da ke niƙe fasassun robobi. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin nan ba ba zai gane ba. Ƙararsa har a haƙori ake jin ta. Abin toshe kunne kuwa sai ranar da baƙi za su zo zagaya ake raba shi. A hankali abokina ya fara cewa "Na'am?" idan an yi masa magana, daga baya sai an matso an ɗaga murya. Da ya je asibiti suka ce masa abin da ya tafi ya tafi, saura ma tafiya yake yi. Ba a jima ba aka karɓe fiyanon coci aka ba wani, don ya fara saɓa wa mawaƙa bai sani ba.

Abin da ya haɗa mu tun farko gem ne. Akwai wani tsohon gem na tseren motoci da duk yaron zamaninmu ya buga, shi a garinsu, ni a unguwarmu. Idan ka kai zangon ƙarshe wani kiɗa ne ke tashi, ɗan siriri mai sauri, wanda ke sa tafin hannunka ya yi gumi. Mun girma, mun yi iyali, amma da ɗayanmu ya fara rera kiɗan da fito a bakin get lokacin tashi, ɗayan zai ƙarasa.

Irinmu muna da yawa, kuma duk Lahadi bayan la'asar muna zama a bencin ƙofar shagon nan. Akwai masu aikin fata a Challawa, akwai na kamfanonin Bompai, kowa da warin aikinsa. Mai shagon ya girme mu, Yaya muke ce masa, kuma lasifikar da muke jin kiɗa da ita tasa ce. Majalisar tana da ƙa'ida guda da ba wanda ya kafa ta amma kowa ya san ta: idan mutum ya jona wayarsa, ba a kashe masa sai abin ya ƙare. In za ka kushe, ka kushe bayan ka ji. Da wannan ƙa'idar muka sha jin shirme iri-iri muna haƙuri.

Shi kansa Yayan ya fi kowa cin moriyarta. Kullum cikin sauke kiɗan gem yake wanda mutanen ƙasashen waje suka sake wa fasali. Yau ya kawo wanda aka mayar na jita mai tsawa, gobe wanda Turawa suka cika ɗaki da gogensu suna ja a hankali kamar an yi rasuwa. Ya lumshe ido yana girgiza kai, yana ce mana, "Ku saurara, wannan shi ne ilimi." Mu kuwa mu saurara, wani ya yi daɗi, wani ya sa mu hamma.

To abokina sai ya ce shi ma zai yi nasa. A wayarsa ya haɗa shi, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, da iyafis a cushe a kunnen da ya fi ɗan ji. Ya ɗauki kiɗan tseren nan ya rage masa gudu, ya shimfiɗa masa fiyano irin na coci a ƙasa. Sannan ya je wajen wani tsoho mai kiɗan kalangu a kasuwar Fanshekara ya rera masa. Ya ce tsohon dariya ya yi ta yi, ya ce wannan ai kiɗan fara ne a cikin gwangwani, amma ya saɓa kalangunsa ya bi shi, har ya ƙara nasa. Watanni ya yi yana fama. Na roƙe shi ya ɗan jiyar da ni, ya hana.

"Sai ya kammala, mutumina," ya ce da ni, da ƙarfi kamar yadda ya koma magana. "Ni yanzu rabi nake ji, rabi nake cankawa. Kunnuwanku nake so ku ara mini. Ku ji shi har ƙarshe ku gaya mini gaskiya. Ba na jin zan iya haɗa wani bayan wannan."

Ran da ya kawo shi ba wuta, janareton shagon yana ta ruri a gefen benci. Ya zo da kayan cocinsa a jiki, riga a goge. Ya miƙa wa Yaya wayar da hannu biyu.

"Yaya, yau nawa na kawo."

Aka jona. Ya koma ƙarshen benci kusa da janareton ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, don ya ce ba zai iya kallon fuskokinmu ba.

Fiyano ya fara, muka gane kiɗan nan take, wasu suka yi murmushi. Ba zan yi ƙarya ba, akwai gyara. Siraran sautuka sun yi kaifi da yawa, suna sukar kunne, don shi ba ya jin su sai ya ƙara musu ƙarfi. Irin abin da ya zo mu gaya masa ke nan. Sai kalangu ya shigo. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Kiɗan da na sani tun ina yaro sai na ji kamar yau ya fara jin Hausa.

Yaya ya yamutsa fuska. "Mene ne wannan kuma? Kiɗan mahauta a kan wannan? Ai wannan cin mutunci ne." Ya miƙa hannu ya zare wayar daga lasifika.

"Yaya, ba a kashewa," na ce.

"A shagona? Abu mai daraja ba a wasa da shi. Mu nan ba gidan biki ba ne."

Ku ji fa. Mutumin da ya zaunar da mu muna jin Bature yana nishi da goge a kan wannan kiɗan, shi ne kalangun garinsu ya zame masa cin mutunci. Ba kiɗan yake karewa ba, ai an sha juya masa shi yana tafi. Raini ne kawai, ya raina abin da ya fito daga hannun wanda yake gani kullum da ƙurar roba a gashi. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne sauran 'yan majalisa. Katti da gemu, kowa ya sunkuya yana danna waya, don kada a hana su benci.

Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ke cikina, sai wani ya taɓo ni ya nuna mini ƙarshen benci.

Abokina bai san an kashe ba. Janareto yana ruri a kunnensa, idonsa a rufe, yana bin kiɗan a cikin kansa. Yatsunsa suna tafiya a kan gwiwarsa, kafaɗarsa tana amsa kalangun da ba wanda ke ji. Ba wanda ya iya motsi. Haka muka zauna muna kallonsa har ya kai ƙarshe, ya buga gwiwarsa bugun rufewa, ya buɗe ido yana murmushi.

"To? Yaya kuka ji ƙarshen? Wurin da kalangu da fiyano suke amsa wa juna, ya zauna kuwa?"

Yaya ya juya yana goge talabijin da ba ta da datti. Wani ya fara gyaɗa kai yana shirin cewa ya yi daɗi, na harare shi ya fasa. Gaskiya mutumin ya zo nema, ba zan bari a sallame shi da ƙarya ba. Amma gaskiyar ba ta faɗuwa a hankali, don ba zai ji ba. Dole na matsa kusa da kunnensa, a gaban kowa, na ɗaga murya kamar mai talla.

"An kashe! Ba mu ji ba!"

Ya dube ni, ya dubi lasifika, ya ga wayarsa a ajiye a kan tebur. Murmushin bai tafi lokaci guda ba.

"Tun daga ina?"

"Tun shigowar kalangu!"

"To ai ba ku ji komai ba ke nan," ya ce.

Na ce ya ba ni wayar in ji a nan take, na ce mu tafi gidana, na ce zan nemo lasifikar da ta fi wannan. Ban sani ba ko ya ji ni. Ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu, ya yi wa Yaya sallama da ladabi, abin da har yau ban yafe wa ladabin ba, ya tafi neman motar Fanshekara.

Washegari a bakin get na sake roƙonsa. Ya ce ya goge.