Gwiwar Hannu a Ruwan Wanka

Yau da safe ina sirka wa jaririna ruwan wanka, sai na ga na tsoma gwiwar hannu a cikin robar. Hawaye ya zubo mini, don kakata ce ta koya mini haka, ga shi shekara guda ke nan da rasuwarta.

Haihuwata ta fari, ita ta taho daga Indabo ta zauna da ni a Wudil. Kullum sai ta ce, "'Yar nan, kar ki gwada ruwan jariri da tafin hannu. Hannunki ya saba da tukunya, ƙarya zai yi miki." Ina jin ta ne kawai, a raina ina cewa mitar tsofaffi ce.

Ran nan ta fita shanya, na taɓa ruwan da hannu na ji daidai, na zuba wa 'yata a baya. Ƙarar da ta ƙwalla har yau tana kunnena. Kaka ta shigo da sauri, zaninta na ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya, ta karɓe ta tana shafa mata ruwan randa. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Na so a bakina ki koya, ba a jikin yarinya ba. Ni a bayan uwarki na koya."

Yanzu yaron nan ko tari ya yi sai gabana ya faɗi, ga tambayoyi, babu wadda zan tambaya. Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, yadda kika sanyaya bayan 'yata.