Baƙon da ya tsaya a Kye-Ossi

Shekarar korona ina da butik, wato ɗan kanti, a unguwar PK8 ta Libreville, ina kwana a ɗakin da ke bayansa. A al'adarmu, duk wanda zai shigo Libreville daga gida yana tahowa da sunan mai masauki a bakinsa. Ni ma haka na zo, wani dattijo ya shimfiɗa mini tabarma bai tambaye ni komai ba.

Ɗan maƙwabciyarmu ta can arewacin Kamaru ya taho da sunana. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyen da yake noma, ya gudo. Yana isa Kye-Ossi, garin bakin iyakar Kamaru, aka rufe iyaka. Ya kira ni ya ce akwai direban da zai bi da shi ta daji, amma sai in wani a Libreville ya ce ya san shi, zai karɓe shi.

A ƙofar butik mutane na ta gardama a kwanakin. Wani ya ce kowace ƙasa tana da ikon kulle ƙofarta saboda annoba. Wani tela ɗan Nijar ya ce ya ji a rediyo doka ba ta yarda a mayar da wanda ya gudo da ransa ba, a killace shi dai a duba shi. Na bi bayan na farko, don maganarsa ta fi mini sauƙi. Gaskiyar ita ce takardata ta zama ta kusa ƙarewa, kuma na ji yaron yana tari a waya.

"Yaya, ko a ƙofar butik sai in kwana," ya ce.

Na ce masa doka ce, ya yi haƙuri a buɗe. Daga baya na daina ɗauka. Da aka buɗe iyakar na neme shi, layin a kashe. Na tambayi direbobin da ke bi ta Ntoum zuwa arewa, babu wanda ya gan shi.

Da Sallah ta zo mahaifiyarsa ta kira ni tana sa mini albarka. Ashe tun makon farko ya gaya mata ya iso lafiya, yana wurina, don hankalinta ya kwanta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa amin.

Har yau tana kira. Bara ta ce, "Ɗana, na san aiki ya yi masa yawa. Ka ce masa ko gaisuwa ce ya aiko." Na ce to, Inna.