Mai Ɗaukar Gicciyen Azurfa

Kuriyakos mai tatsar roba ne a ƙauyenmu, kusa da garin Kottayam. Ni ne akawun ikilisiyarmu, kuma tun da na kama aiki ban taɓa rubuta sunansa cikin wata rigima ba sai a wannan karon. Dukiyarsa ba ta wuce 'yar gona da awaki ba, amma gidansu na da abin da masu kuɗi ke kwaɗayi: su ke ɗaukar gicciyen azurfa a gaban jama'a, ranar idi ko ranar jana'iza. Kakansa ya ɗauka, ubansa ya ɗauka. Kowace Asabar yakan zo ya goge shi da toka da lemun tsami.

'Yarsa tilo, Tesi, tana aikin jinya a birnin Bengaluru. Kowa ya san da wata mace take zaune, kowa kuma ya kawar da kai. Sai da Kotun Ƙoli ta fara sauraron ƙarar auren jinsi, aka hango Tesi a talabijin riƙe da hannun matar.

Kwamitin ikilisiya ya shirya tattaki zuwa gari don nuna rashin yarda. Shugaban kwamitin, Candi mai shagon taki, ya daɗe yana son gicciyen ya koma gidansu. A gabana ya tare Kuriyakos.

"Yaya Kuriyakos, ashe mun yi suruka! Yaushe za mu ci shinkafar biki?"

"Ranar da ka daina zuba yashi a takinka."

Candi bai yi dariya ba. "Ran Lahadi kai ne a gaba, har cikin gari. 'Yan jarida za su zo, a ga gidanku bai lalace duka ba. In kuwa kafaɗarka ta gaji, akwai masu kafaɗa."

Ran Asabar na iske shi yana goge gicciyen. Ya ce Tesi ta kira shi.

"Cewa ta yi, 'Baba, ban ce ka bi ra'ayina ba. Amma in na gan ka a gabansu, na san ba ni da gida.'"

Na tambaye shi ko yana ganin daidai ta yi.

"Ko kusa. Aure na namiji da mace ne, a kan haka zan mutu. Amma fa ni na rungume ta zuwa baftisma."

Ran Lahadi farfajiyar coci ta cika da laimomin siliki da kwalaye masu rubutu. Kuriyakos ya fito da gicciyen, ganguna suka ɗauka, jama'a suka bi shi. Da ya kai ƙofar waje sai ya tsaya cak.

"Mu je mana!" in ji Candi.

"Hanya biyu ubana ya nuna mini: zagayen coci ranar idi, da hanyar makabarta. Yau ba idi ba ne. To, wa ya mutu?"

Wani daga baya ya ce, "'Yarka!"

Ganguna suka yi shiru. Na ga jijiyar wuyan Kuriyakos ta tashi, na ga samari sun matso. Sai ya juya, ya fuskanci taron. A wurinmu ba a taɓa jikin mai ɗauke da gicciye, ba a kuma tare masa hanya. Haka suka dare, har Candi, wasu na sunkuyar da kai bisa sabo. Ya ratsa su a hankali, ya mai da gicciyen mazauninsa kusa da bagadi. Aka yi tattakin babu shi.

A cikin makon nan kwamiti ya karɓe gadon ɗaukar gicciyen daga gidansu. Ni na rubuta hukuncin. Yanzu ɗan Candi ke ɗauka, Kuriyakos kuma a bencin baya yake zama, bai fasa sujada ko sau ɗaya ba.

Da Kirsimeti Tesi ta zo, ita kaɗai. Na wuce ta ƙofar gidan, na gan ta da ubanta a baranda suna cin rogo da miyar kifi. Yana ta tura mata kwanon.