Abin da Gilashin Kawu Ya Gani a Tafina

Abin da na fara lura da shi da na isa shagon Kawu a Gaya shi ne babu babur ɗinsa a ƙofa. Sai tabon baƙin mai kawai a ƙasa, inda ya saba ajiye shi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma mai ɗaukar hoto ne. Baba ne ya aiko ni daga Toranke in zaɓi hoton da za a wanke babba. A makon da ya wuce an yi gasar hadda a Islamiyyarmu, inda Baba yake koyarwa, na zo ta biyu. Yana so ya rataye hoton a zaure.

Na tarar da Kawu da abokinsa mai gyaran waya suna musu a gaban kwamfuta. Na durƙusa na gaishe su, na raɓe a bakin benci.

"'Yar Malam, zo ki ga kawunki," in ji abokin. "Ya sayar da babur ya sayi gilashin kyamara. Yanzu in an kira shi biki a Kademi, gilashin zai hau?"

"Kai waya ka sani, mutumina," in ji Kawu. "Wannan ko gashin ido ƙirga shi yake."

"Wa ya aike ka ƙirga gashin ido? Amarya so take a goge mata ƙuraje, kai ka sayo abin tono su."

Kawu ya cire gilashin daga jaka, ya hura shi, ya goge da wani ɗan ƙyalle mai laushi. Ya fi tsohon tsawo da nauyi, kuma in haske ya faɗa masa sai ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ce bari ya nuna masa aiki, ya buɗe hotunan gasarmu.

Ga ni a tsaye cikin farin hijabi. Wani dattijon malami daga Balan yana miƙo mini kyauta, na buɗe hannu biyu zan karɓa. Baba yana gefe yana murmushi, shi da ba ya yawan murmushi a makaranta.

Kawu ya fara jawo hoton. Ya nuna zaren hular dattijon ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna ƙuda a kan tabarma, har fukafukansa. Abokin ya ce tsohon gilashin ma zai iya. Kawu ya ce to duba zanen tafin hannu, ya jawo hannuna na hagu har ya cika allon.

Na san abin da yake wurin. Akwai ayoyi uku da farkonsu yake rikice mini kullum. Da safen gasar na rubuta kalmomin farko da biro a tafina, ƙanana ƙwarai. Da aka zo kansu na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, na leƙa ta ƙarƙashin hijabi. Kowa ya san ni da sunkuyar da kai, babu wanda ya yi zargi. Daga baya na goge da yawu, na ɗauka ya fita.

Bai fita ba. Har ɗigon haruffan ana gani.

Abokin ya matso yana dariya, ya fara karantawa. Bai ƙarasa kalma ta biyu ba ya tsaya. Ya dubi Kawu, ya ce ya bar waya a caji a shagonsa, ya fita.

Kawu bai juyo ba. Ina kallon bayan wuyansa, da zufar da ta jiƙa bakin rigarsa. Yarinyar da ta zo ta uku ce ta faɗo mini a rai, yadda ta rungume ni a ranar.

"Ya fito sosai," in ji Kawu a hankali. Ban san ko da ni yake ba, ko da gilashin.

Ya ce Malam, wato Baba, yana jiran hoton ranar Juma'a. Ya ce shi bai taɓa ɓoye wa Malam komai ba, tun yana ɗalibinsa.

Na murza bakin hijabina, na matso kusa da shi.

"Kawu, don Allah kada ka wanke shi tukuna. Ka bari in fara gaya wa Baba da bakina."